Tambaya da Amsa: Yaya 'yar na'urar yatsa ke gane iskar da ke cikin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da aka kwantar da mahaifiyata a asibiti, sai suka maƙala mata wata 'yar na'ura a ɗan yatsa, lambobi biyu suna ta fitowa a jikinta. Ba allura, ba a ɗebi ko ɗigon jini ba. Ta yaya take sanin abin da ke cikin jini? Kuma abin yarda ce?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kunna tocilar wayarki ki ɗora yatsa a kai. Kin ga ya yi jawur? To haske yana ratsa naman mutum, kuma nan dabarar take.

A leɓe ɗaya na na'urar akwai 'yan fitilu biyu, a ɗaya leɓen kuma ƙwayar da ke karɓar haske. Fitila ɗaya ja ce, ɗayar kuwa ido ba ya ganin haskenta. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin yakan bar jan haske ya wuce, ya fi shanye ɗayan. Wanda iskarsa ta yi ƙasa kuwa, jan yake shanyewa. Sai na'urar ta kwatanta abin da ya tsira daga kowanne.

Sai dai ƙashi da fata da farce su ma suna shan haske. Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Takuo Aoyagi, injiniya ɗan Japan a kamfanin Nihon Kohden, a 1972. Ni labarinsa ne ma ya fi burge ni. Yawan jinin da zuciya ke turawa yake ƙoƙarin aunawa, bugun jini yana ta dagula masa lissafi. Can sai ya farga cewa ƙashi ba ya bugawa, fata ma haka; jinin jijiya ne kaɗai ke ƙaruwa yana raguwa da kowane bugu. Ke nan in aka bi abin da ke motsi kawai, an sami jinin tsantsa.

Lambar da ke da alamar SpO2 ita ce ta iskar. Ga mai lafiya takan tsaya tsakanin 95 da 100. Ɗayar bugun zuciya ne a minti guda.

Batun yarda kuwa, ana yarda da ita, amma tana da inda take tuntuɓe. Yatsa mai sanyi, jan farce mai duhu, ko yawan motsi duk suna rikita ta. Wanda ya shaƙi gubar hayaƙin inji ko na gawayi, za ta iya nuna masa 98 alhali jikinsa na neman iska. Abin da ya fi damuna shi ne binciken Jami'ar Michigan ta Amurka na 2020: an gano cewa ƙarancin iskar da na'urar ta kasa nunawa ya kusa ninka sau uku a wajen baƙar fata idan aka kwatanta da farar fata.

Don haka in kin ga Mama tana haki, ko ta ruɗe, ko magana na yi mata wuya, kira nas ko da lambar ta nuna 96. Suna da gwajin da ake ɗibar jini daga jijiyar wuyan hannu, wanda launin fata ba ya ruɗa shi.