Amsa: Yaya makiyayan Mongoliya ke ƙaura?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko makiyayan Mongoliya na yawon kiwo irin na Fulaninmu. Suna yi, sai dai sanyi ne ke korarsu fiye da fari. Yawanci sukan tashi bisa kaka huɗu na shekara: da zafi su sauka kusa da ruwa, da hunturu su koma gindin dutse inda iska ba ta dukan garke. Ɗakinsu, wanda suke kira ger, zagayayyen tanti ne na sanduna da bargon ulu, ana kwance shi a ɗora a mota ko kan raƙumi.

Dabbobinsu biyar ne: dawaki, raƙuma, shanu, tumaki da awaki. Kuɗi kuwa gashin akuya ne ke kawo shi, wato kashmiya, shi ya sa awaki suka yi yawa har ƙasar kiwo ta fara gajiya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne dzud. Ƙanƙara ce ke rufe ciyawa, dabba ta tona ta kasa kaiwa. A hunturun 2009 zuwa 2010 miliyoyin dabbobi sun mutu, magidanta da yawa suka wayi gari ba ko ɗan akuya, suka kafa ger ɗinsu a gefen Ulanbato, babban birnin ƙasar, suna neman aikin ƙarfi.