Ga ƙanena mai son zuwa Amurka tuƙin babbar mota

Ƙanena, saƙonka na murya ya iso, na uku ke nan a wata ɗaya. Ka ce ka gaji da jigilar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, in nema maka hanya, don ka ji a nan lodi ɗaya dala dubu uku ne. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka hannu nawa kuɗin ke bi kafin su zo aljihun direba ba.

A nan da wuya mai kaya ya nemi ƙaramin mai mota. Dillali yake kira su tsayar da farashi, shi kuma dillalin ya ɗora lodin a shafin DAT ko Truckstop, shafukan intanet da direbobi ke neman lodi, da kuɗi ƙasa da wanda aka ba shi. Abin da ke tsakani shi ne la'adarsa. Ɗan kamashon tashar Maraɗi kana ganin ƙwayar idonsa, ka san gidansu, in ya cuce ka akwai dattijon da za ka kai wa ƙara. Wannan kuwa murya ce kawai a waya. Doka ta tilasta masa rajista da FMCSA, hukumar da ke kula da manyan motoci, da ajiye lamunin dala 75,000, ta kuma ba ka damar ganin nawa mai kaya ya biya, sai dai da yawansu ba sa ba ka lodi sai ka sa hannu cewa ka yafe wannan haƙƙin.

Da mil ake lissafi, kuma abin da ke yanke farashin shi ne motoci nawa ke zaune a gari, kaya nawa ke jiran fita. Wannan darasin a Fulorida na koye shi, shekarar da na sayi motata ta farko. Na kai kaya can daga garin Greensboro da farashi mai daɗi, har na kira Inna ina murna. Da na sauke, sai na tarar motoci jibge, kayan fita babu, don ba lokacin kayan lambu ba ne. Kwana biyu ina kwana a mota. Dillalin da na kira, da ya ji inda nake da yadda muryata ta yi sanyi, ya yi mini tayin da bai fi kuɗin gazuwal ba. Na karɓa, don bashin mota na jirana. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ga kuma jira. A wurin lodi awa biyun farko kyauta ne a al'ada, kuɗin abin da ya wuce haka in ba a rubuta shi a takardar farashi ba, ka sha iska. Alhali doka awa 11 ta ba ka na tuƙi cikin awa 14, na'ura na ƙirgawa, ba a roƙonta. Ka sauke kaya, biya sai bayan kwana 30, ko ka sayar da takardar bashin ga wani kamfani ya yanki nasa. A 2021 farashi ya tashi, mutane suka ci bashi suka sayi motoci. A 2022 ya faɗo, gazuwal ya haura dala 5 galan ɗaya, na ga maza sun mayar da makulli suna hawaye.

Alhamdulillahi yau motocina biyu, akwai dillalan da su ke kirana, kuma ina iya cewa a'a in kashe waya. Shekaru na yi kafin in kai nan.

Permi ɗinka na gida ba zai ba ka babbar mota a nan ba, sai ka sake jarrabawa ka samu CDL, wato permin tuƙin babbar mota na nan, kuma Faransancinka ba zai cece ka ba: tun watan Yunin 2025 direban da ya kasa amsa wa jami'i da Turanci ana iya dakatar da shi nan take. Kada ka kuskura ka sayar da gonar Baba. Ka fara koyon Turanci, in ka iya yin ciniki da ni a waya na minti goma, sai mu sake magana. Ka gaida Inna da yaran.