Tambaya da Amsa: Gida ɗaya, lamiri daban-daban

Tambaya: Bana a gidanmu dangin maigida za su yi Kirsimeti. Surukata 'yar cocin ECWA ce, ko warin burukutu ba ta son ji. Kawun maigida ɗan Katolika ne, in ba a ajiye masa ƙwarya ba sai ya ce an raina shi. Ga faccalata 'yar Adventist, ba ta cin alade da tarwaɗa. Wa zan bi, wa zan bari?
Wata mai karatu daga Kafanchan

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kafin ki ɗora tukunya, ki raba maganar nan gida biyu. Akwai abin da Littafi Mai Tsarki ya hana ƙarara, kamar buguwa (Afisawa 5:18), kuma a kan wannan Katolika da ECWA bakinsu ɗaya. Akwai kuma abin da aka bar wa lamirin mutum: irin abincin da zai ci, da ranar da ya fi girmamawa. Romawa sura 14 a kan kashi na biyun take. Manzo Bulus ya ɗora wa kowa nasa kaya a aya ta 3: mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci.

Na faccalarki ya fi sauƙi, amma a nan aka fi yin kuskure. Tsame naman alade daga miya bai wadatar ba, domin romonsa ya riga ya shiga. Ki yi tukunya biyu, kowace da ludayinta. Ki fara soya kaza da naman sa, ki kwashe, sannan alade ya shiga mai a ƙarshe, kuma kada man nan ko romon ya koma cikin dafa-dukar da kowa zai ci. Ki kula da busasshen kifi: yawancin bandar da ake sayarwa a kasuwa tarwaɗa ce, ita kuwa ba ta da ɓawo, shi ya sa 'yan Adventist ke ƙin ta bisa Littafin Firistoci sura 11. Garin jatan lande ma haka. In bikin ya kai Asabar, ki sani ita ce ranar hutu da ibada ta 'yan Adventist, hutunta kuma yana farawa daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar, don haka kada ki aike ta cefane. Mafi muni shi ne a ɓoye mata a ce "ai ba za ta gane ba". Ran da ta gano, ba za ta ƙara sa hannu a kwanonki ba.

Burukutu kuwa, shawarata kada ya shigo taron. Romawa 14:21 ta ce gara a bar nama ko ruwan inabi in zai sa ɗan'uwa tuntuɓe, kuma da wuya a tara dangi a rasa matashi ko wanda bai daɗe da barin sha ba. Sai dai ba bakinki ba ne zai gaya wa kawu. Maigida ya je wurinsa mako guda kafin ranar, su biyu kaɗai, ya ce: "Kawu, albarkacin Mama da yara, bana kunu da zoɓo za mu sha." Roƙo za a yi masa, ba wa'azi ba. In aka bari sai ya zauna a kan tabarma sannan aka hana shi, to, an kunyata dattijo a gaban 'ya'yansa.

Amma haƙurin nan yana da iyaka. Tuntuɓe daban, ɓacin rai daban. In surukarki ta ce ba za ta zauna wuri ɗaya da kawu ba don a ganinta ba mai bi ba ne, wannan ba raunin lamiri ba ne, hukunci ne. Da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, a Antakiya, Bulus ya tsauta masa ido da ido (Galatiyawa 2:11-14). Maigida ya lallashe ta da ladabi, amma kada a ware wa kawu tabarma.

Tambaya: Maƙwabcinmu Musulmi yana aiko mana naman layya kowace shekara. Ni ina ci, matata ba ta ci. Ya za mu yi?
Wani magidanci daga Gombe

Amsa: Malam, fastoci ma sun rabu a kan wannan. Masu hanawa suna kafa hujja da 1 Korantiyawa 10:28, wadda ta ce kada ka ci naman da aka gaya maka na hadaya ne, masu ci kuma suna cewa ayar a kan yankan gumakan Koranti take, maƙwabcinka kuwa ba gunki yake bauta wa ba. Kada ka tilasta mata, domin wanda ya ci da shakka ya yi wa lamirinsa laifi (Romawa 14:23). Ita ma kada ta mayar da kwanon ko ta zubar. Ku karɓa da godiya, a dafa naka a ƙaramar tukunya dabam, in ya yi yawa ku ba wanda zai ci. Ranar Kirsimeti ku rama da shinkafa da kaza, kazar kuma a ba Musulmi ya yanka.