Filin Masu Mota: Ƙananan Abubuwan da Ke Sa Direba Tsaki

A wasiƙun wannan makon babu wanda injinsa ya buga. Duk ƙorafi ne kan ƙananan abubuwa, irin waɗanda ba su kai a kwana a gareji ba amma kullum sai sun ɓata wa mutum rai. Wasunsu haƙuri ne kawai maganinsu, domin haka aka ƙera motar. Wasu kuwa gargaɗi ne, in aka yi biris da su aljihu ne zai ji a jikinsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Duk lokacin da na je shan mai sai famfon ya riƙa katsewa, ƙat, ƙat, alhali tankin ko rabi bai kai ba. Kwanan nan kuma fitilar nan mai ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama. Ko akwai alaƙa tsakaninsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da alama akwai. A kusa da bakin ƙarfen famfon mai akwai wata 'yar huda da ke haɗe da siririn bututu. Muddin mai na gudu, famfon na zuƙar iska ta wannan huda. Da zarar fetur ya toshe ta, zuƙar ta yanke, sai maɗaurin da ke hannun famfon ya saki, man ya tsaya. Famfo bai san ko tankinka ya cika ba, abin da ya sani kawai an toshe masa hanci.

To me ke toshe shi tanki bai cika ba? Tankin da babu mai cike yake da iska da tururin fetur, kuma duk litar da ta shiga dole litar iska ta fita. A motocin zamani iskar tana bi ta tiyo zuwa wani akwati mai gawayi a ciki, wanda ke riƙe tururin har inji ya zo ya ƙona shi. Idan hanyar ta toshe, iskar sai ta juyo ta wuyan tanki, ta turo fetur baya, famfo ya katse.

Babban abin da ke kashe wannan akwati shi ne ɗabi'ar nan ta "ƙara kaɗan ya cika maƙil". Bayan katsewar farko, duk abin da aka dinga ɗurawa yana iya gangarawa cikin gawayin. Tururi aka yi shi ya sha, ba ruwan fetur ba, don haka sai ya jiƙe, ya farfashe, ɓarɓashinsa ya toshe bawul. Ƙura da laka ma suna toshe tiyon shaƙar iskar, har da ƙwari. A 2011 kamfanin Mazda ya kira dubban motocin Mazda6 a Amurka domin gyara, saboda wani gizo-gizo da ke saƙa a cikin wannan tiyo.

Kafin ka kashe ko sisi, ka gwada wannan. A zaro bakin famfon baya da kamar santimita 2 zuwa 3, a ɗan karkata shi gefe, a zuba da rabin ƙarfi. In a gidan mai ɗaya kawai abin ke faruwa, famfonsu ne ke da gudu. In ko'ina ne, a duba tiyon iska ko ya lanƙwashe, sannan bawul ɗinsa, sannan akwatin gawayin. A bi wannan jerin, daga mai araha zuwa mai tsada.

Fitilar kuwa, fara da murfin tanki. Duba robar da ke zagaye da shi ko ta tsage, ka murɗa shi har ka ji ya yi ƙara. Ba nan take za ta mutu ba, takan ɗauki tafiye-tafiye da dama, wani lokaci kwanaki, kafin kwamfutar motar ta sake gwaji ta gamsu. In ta ƙi, a jona na'urar bincike a soket mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0455 na nufin babban yoyon tururi, P0442 da P0456 ƙarami, P0457 murfi ne, P0446 kuma hanyar shaƙar iskar nan ce da muka yi bayani. Kar ka yarda a cire kan batir don a kashe fitilar, shafe saƙon aka yi, cutar na nan. Kuma ka bambance: fitilar da ta tsaya cak tana ba ka lokaci, amma in tana ƙyaftawa, inji na tsallake wuta ne, ɗanyen fetur na shiga salansa yana ƙona katalis, wato na'urar da ke tace hayaƙi. Wannan rage gudu ake yi a nemi makanike a ranar.

Tambaya: Ina tuƙa motoci biyu, ɗaya tankinta a dama, ɗaya a hagu, kullum sai na rikice a gidan mai. Me ya hana a daidaita?

Amsa: Babu dokar da ta tilasta gefe ɗaya, Hajiya. Kowane kamfani yana bin inda tanki ya zauna da inda salansa ta bi. Amma dubi gejin mai: kusa da hoton famfo akwai 'yar ƙaramar kibiya, inda ta nuna nan murfin yake. Wani ma'aikacin Ford mai suna Jim Moylan ne ya kawo shawarar a 1986, ta fara fitowa a motocinsu na 1989. Zancen da ake yi cewa gefen da tiyon hoton yake shi ne gefen tanki, ba abin dogaro ba ne.

Tambaya: In na sauke gilashin baya guda ɗaya ina gudu, sai wani irin bugu ya cika motar, bum-bum-bum, har kunne ya yi ciwo. Sannan gilashin bayan ma rabi kawai yake sauka. Lalacewa ce?

Amsa: Ko ɗaya, ɗan'uwa. Ka taɓa hura iska a bakin kwalba ta yi kuka? Motarka ce ta zama kwalbar. Iskar da ke wucewa ta bakin tagar tana danna ta cikin motar, ta cikin ta turo, haka suke ta yi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Da yake ɗakin mota babba ne, sautin ya yi ƙasa sosai, shi ya sa kake jin sa kamar duka a dodon kunne. Masana na kiran abin da sunan Helmholtz, Bajamushen da ya yi nazarinsa. Abin dariyar shi ne sababbin motoci sun fi tsofaffi wannan matsala, don jikinsu ya fi sulɓi kuma robobinsu sun fi rufewa ruf. Sauke gilashin gaba na ɗaya gefen da faɗin yatsu biyu, bugun zai ɗauke.

Rabin saukar kuma, mutane na cewa don yara aka yi. Yana taimakawa, amma ainihin dalilin shi ne kwarin tayar baya ya ci ƙasan ƙofar, gilashin ba shi da wurin shiga. Ba makaniken da zai gyara wannan.

Tambaya: Da na kunna esi da safe sai wani wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma ya bugo. Na sa turaren mota iri-iri, a banza. Wani lokacin ma kafet ɗin gefen fasinja a jiƙe yake.

Amsa: Ranki ya daɗe, turare ba zai yi ba, rufe ƙazanta ne da mayafi. A can cikin dashbod akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramin lagireto, shi ne ke yin sanyi. Iska mai ɗumi na ratsa shi, laimar da ke cikinta ta zama ruwa, kamar raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar ruwan sanyi. Ruwan na taruwa a faranti, ya fita ta ɗan tiyo zuwa ƙasa. Ɗigon da kike gani ƙarƙashin mota bayan an yi amfani da esi, alamar lafiya ce. In kin kashe mota ƙarfen na jiƙe, ga duhu ga ɗumi ga ƙura, sai fumfuna ta samu gida.

Jiƙewar kafet ta nuna tiyon ya toshe, farantin ya cika ya tumbatsa ciki. Wannan kar a yi masa jinkiri, domin a motoci da yawa wayoyi da ƙananan kwamfutoci na bi ta ƙarƙashin kafet. A nemo bakin tiyon a ƙasan motar, daidai saitin ƙafar fasinja, a matsa shi ko a zura lallausar igiyar roba. Kar a zura ƙarfe, ana iya huda abin da ya fi tiyon tsada nesa ba kusa ba. A ɗaga kafet ɗin ya bushe har soson da ke ƙasansa.

Sai filtar iskar ɗaki, wadda yawancin masu mota ba su ma san da ita ba. Galibi tana bayan akwatin da ke gaban fasinja. A matse gefunan akwatin biyu ya sauko, a zare murfi, a jawo ta. Akwai kibiya a jikin sabuwar da ke nuna inda iska ke bi, a lura kar a juya ta. Sau ɗaya a shekara ko kowane kilomita 15,000, ƙasa da haka in hanyar mai ƙura ce. In warin ya riga ya kama, akwai kumfar wanki da ake fesawa ta tiyon ko ta gurbin filtar. Daga nan sai ki riƙe wannan: saura minti 3 zuwa 5 ki isa, ki kashe esi ki bar fanka na hurawa, ƙarfen ya bushe.

Tambaya: Fitilar gargaɗin iskar taya da ke kan dashbod na kamawa da sanyin safiya, rana ta yi ta mutu. Mai faci ya duba ya ce babu huda, ya buga mini iska daidai lambar da ke jikin tayar.

Amsa: Nan ya yi kuskure, Malam. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Wadda motarka ke buƙata tana kan 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, wasu a bayan murfin tanki, kuma a ƙananan motoci takan kama tsakanin psi 30 da 35 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Iskar da ta yi yawa na cinye tsakiyar taya, ta sa mota tsalle, ta rage riƙon titi.

Kamawar safe kuma, iska na tsukewa da sanyi. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 na Salsiyas, taya na rasa kusan psi 1. In dama tana gab da iyaka, sanyin dare ya isa ya tsallakar da ita, tafiya ta ɗumama ta ta dawo. A tsarin Amurka, inda aka wajabta na'urar lura da iskar taya tun 2007, sai iska ta ragu da kashi 25 cikin 100 fitilar ke kamawa. Ka ga ke nan rashin kamawarta ba shaidar iska ta cika ba ce. Auna da geji sau ɗaya a wata, da safe, kafin mota ta motsa.

In fitilar na ƙyaftawa na kusan minti ɗaya bayan tayar da mota sannan ta tsaya, ba iska ba ce, na'urar ce. Kowace taya na da ɗan firikwensin a gindin bawul mai batir a rufe, wanda kan yi shekara 5 zuwa 10, kuma in ya mutu duka ake canjawa. Wasu motocin ba su da shi, da saurin juyawar taya suke ƙiyasi, su kuma dole a danna maɓallin saiti duk lokacin da aka ƙara iska. Tun da muna kan taya, 'yar siririyar safayar nan psi 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. Ita ce ake mantawa sai ranar da aka buƙace ta a tarar da ita a lotse.

Tambaya: Motata ta maɓalli ce. Ranar da rimot ya mutu na rasa yadda zan shiga. Kuma aka ce batirin motar a but yake, but ɗin da ba ya buɗuwa sai da wuta. Wane irin tunani ne wannan?

Amsa: Tsakinka na kan hanya, Alhaji, amma an bar ƙofa. A cikin rimot akwai makullin ƙarfe, danna ɗan maɓallin gefe ka zaro shi. In ba ka ga ramin makulli a hannun ƙofar direba ba, yana ƙarƙashin murfin roba, akwai 'yar kafa a ƙasansa da ake zura makullin a ɓalle shi. Ƙararrawa na iya tashi, za ta yi shiru in mota ta kama. Taka birki, ka danna maɓallin tayarwa da jikin rimot ɗin kansa. Akwai guntun na'ura a cikinsa da ke samun wuta daga motar in an kusanto, ko batirinsa ya mutu. Wasu motocin wani gurbi suka ware, littafin motar zai nuna. Batirin galibi CR2032 ne ko CR2025, karanta lambar tsohon kafin ka saya.

Batirin but kuma an kai shi can ne don ya tsira daga zafin inji, a kuma raba nauyi. Boneti da igiya yake buɗuwa, kuma a ƙarƙashinsa akwai jan murfi mai alamar +. Samo wayoyin jona batir da wani batir mai kyau. Jar waya a kan alamar +, ɗaya bakinta a + na batir mai kyau, baƙar waya a − na mai kyau, ɗaya bakin a tsuran ƙarfen inji. Wuta ta shigo, but zai buɗe. Ranar canja batirin a tabbata an mayar da ɗan tiyon da ke gefensa, shi ke fitar da gas mai kama wuta zuwa waje.

Tambaya: Inji na mutuwa da kansa in na tsaya a danja. Na kashe tsarin, amma duk tayarwa sai ya dawo.

Amsa: Da gangan ne, Malama. Tsari ne da ke kashe inji in mota ta tsaya don rage shan mai da hayaƙi. Da tsarin a kunne aka auna shan mai da hayaƙin motar kafin a ba ta izinin shiga kasuwa, don haka a yawancinsu kamfani ba ya barin a kashe shi dindindin. An ƙarfafa kik ɗin don wannan aiki, kar ki damu da shi. Abin lura shi ne batir: irin wannan mota batir na musamman, nau'in EFB ko AGM, take so, na gama-gari ba ya daɗewa a cikinta, wasu kuma sai an sanar da kwamfutarsu an sa sabo. In wata rana kika ga ya daina kashe kansa, alhali inji ya yi zafi kuma esi ba a ƙure yake ba, kar ki yi murna tukuna, ki kai rewaya ya auna batirin.