Amsa: Atishawar da ke damun yaronki a Grenoble

Hajiya, sannu da jimami. Kin ce yaronki da ke karatu a Grenoble ta Faransa yana fama da atishawa da ƙaiƙayin ido tun shigowar Afrilu, kina tunanin sanyi ne ya kama shi. Ni dai ban ga alamar mura ba. Mura takan wuce cikin mako guda ko kwana 10. Wannan kuwa majina ce fara kamar ruwa, ido yana hawaye, ba zazzaɓi, kuma tana iya kai makonni.

Ƙurar furen itatuwa ce. Grenoble tana cikin kwari, duwatsun Alpes sun kewaye ta. Da sanyi ya ja baya itatuwa sai su yi fure, iska ta kwashi ƙurar. Itacen da suke kira bouleau shi ya fi ta'adi a Afrilu, daga Mayu kuma ciyayi su karɓa. Sama kan dutse furen yakan makara, don haka wanda ya hau yawon shan iska yana iya sake cin karo da ita bayan ta lafa a gari. Mu nan Damagaram mun saba da ƙurar hunturu, amma jikinsa bai taɓa sanin wannan ba.

Ranar da ake iska da rana ya rage fita, ya wanke fuska da gashi in ya dawo, kada ya shanya tufafi waje. Magungunan cetirizine ko loratadine suna taimakawa, amma ya tambayi mai famasi tukuna. In ƙirji ya fara shaƙewa ko numfashi yana ƙara kamar fito, ya je wurin likita ranar, don ƙurar tana iya tayar da asma.