Ka tambayi abincin Ailan da bukukuwansu, ga amsa

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka, minti bakwai cur. Kai ne na huɗu da ya turo mini irin wannan tambaya tun bayan babbar sallah, don haka zan amsa a nan kowa ya karanta, in huta. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a Dablin, babban birnin Ailan, kana son sanin me ake ci a Ailan, kuma ko bikin St. Patrick da kake gani a bidiyo, kowa sanye da kore, haka yake da gaske. Ban ji ka tambayi ɗakin kwana ba, za mu zo wurin.

Abinci dai dankalin Turawa ne. Wanda matan kasuwar Jos suke kira Irish, to ka zo gidansu. A dafa, a soya, a gasa, a kirɓa shi da kabeji da man shanu a ce colcannon. An taɓa zubo mini shi iri uku a faranti ɗaya, ba wanda ya yi mamaki sai ni. Amma kada ka yi musu ba'a a kansa. Daga 1845 zuwa wajen 1852 cuta ta cinye gonakin dankali, kusan mutum miliyan ɗaya yunwa ta kashe, wani miliyan ya tsallaka teku, alhali suna ƙarƙashin mulkin Ingila, jiragen ruwa na ta fita da hatsi da dabbobi daga ƙasar. Har yau ba su huce ba. Wanda ya kira ɗan Ailan Baturen Ingila ya fama gyambo, ni na yi a makona na farko, na ga yadda fuska take canjawa.

Inda za ka sha wuya shi ne alade. Sunayensa sun fi ƙarfin lissafi: rashers, bacon, ham, gammon, sausages, kuma miyar Dablin da suke ce wa coddle shi ne a ciki. Sati biyu da zuwana na shiga wani gidan abinci da safe, na ce wa mai zubawa ba na cin alade. Ta cire naman, ta bar mini wani baƙin abu zagaye mai kama da soyayyiyar hanta. Na cinye tas, har na ce da daɗi. Da yamma abokin karatuna ya gaya mini sunansa black pudding, jinin alade ne da kitse da hatsi. Shekara 9 ke nan, har yanzu in na tuna sai cikina ya juya. Ba mugunta ta yi ba, ita a wurinta wannan ba nama ba ne. Tun daga ranar ba na jin kunyar tambaya. Ka tambayi miyar nama, domin wasu da giyar Guinness suke dafa ta. Ka tambayi ƙullin da ake soya kifi da shi, wani da giya ake kwaɓawa. Har alawar yara ka juya takardar ka karanta.

Gaskiya dai madararsu da man shanunsu ba su da na biyu, haka burodin soda mai zafi. Naman halal ba ya wahala a Dablin, akwai shaguna a South Circular Road kusa da masallacin da a da coci ne, kayan Afirka kuma ka leƙa Moore Street. Yaji kuwa, gishiri da masoro ne iyakarsu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kawaicinsu. Ka ba ɗan Ailan shayi, sai ya ce a'a, sai ka sake, sai ka kuma sakewa kafin ya karɓa, kamar Bahaushe a gidan surukai. Suna gardama kan ganyen shayin Barry's da Lyons kamar gardamar ƙwallo. Mutuwa ma suna yi mata zama, a cika gida, a yi ta shayi, a bi layi ana ba iyalan mamaci hannu. Ranar da na je ta'aziyyar mahaifin wani abokin aikina, daga ranar ya mayar da ni ɗan gida. Matsalar ita ce sauran zumuncin nasu a mashaya yake. In ba ka shiga, za su yi ta fara'a da kai shekara biyar ba ka san ƙofar gidan kowa ba.

Bikin St. Patrick, waliyyin Kiristocin ƙasar, ranar 17 ga Maris ne, hutu ne, faretin yana da kyau. Ka kalla da rana, kafin la'asar ka kama hanyar gida, abin da ke biyo baya ba naka ba ne. Dattawansu sun san Najeriya fiye da yadda kake zato, domin limaman cocinsu da sistoci sun koyar a Jos da Kaduna, makarantar St. Louis ta Kano ma su suka kafa ta.

Kirsimeti ce ba wanda ya gaya mini. A Disamba rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 9 saura, ƙarfe 4 da 'yan mintuna ta faɗi, ga ruwa ga iska. Ranar 25 ba bas, ba jirgin ƙasa, manyan kantuna a rufe, har mashaya a rufe. Kowa ya tafi garinsu, gidan da muke haya mu biyar ya rage ni kaɗai. Ni kuma ban yi cefane ba, na ɗauka kamar sallarmu ce, gari ya cika, maƙwabta su aiko da tuwo. Biskit da ruwan shayi na yini a kai, ina kallon kyandir da suke kunnawa a tagogi, na kira Hajiya na ce mata komai lafiya lau. Washegari, ranar St. Stephen, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta ga haske a ɗakina, ta ƙwanƙwasa da faranti. Ta ce ta ware talotalon daban, bai taɓa naman alade ba. Ban iya ce mata ba yankan Musulmi ba ne, na karɓa, na ci dankalin da kayan lambun. Duk shekara har ta rasu ina kai mata cincin. Sallarmu kuma ba hutu ba ce a nan, ko da yake Musulmi sun haura 80,000 a ƙidayar 2022, sai ka nemi izini a wurin aiki, ka yi idi ka dawo.

Yanzu ɗaki. Kada ka hau jirgi ba ka da shi, kada kuma ka tura wa wanda ba ka gani ba kuɗin kafin alƙalami, an damfari yaranmu da yawa. Ɗalibi awa 20 aka yarje masa ya yi aiki a mako, 40 lokacin hutu, kuma a Dablin haya za ta iya cinye wannan duka. Yuro 10,000 da ake so ka nuna a banki, kada ka aro don a gani ka mayar, za ka ci shi. Ka ware 300 na katin zama. Bayan tarzomar Dablin ta 23 ga Nuwamba 2023, na daina ce wa kowa babu ƙyamar baƙi. Ni na wanke kwanuka, na yi gadin dare, yau ina aiki a kamfanin haɗa magunguna a birnin Kok da fasfo ɗin ƙasar a aljihuna, ba wanda ya riƙe mini hannu.

In ka tashi zuwa, ka cika jaka da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishi da dambun nama ka bar su a gida, doka ta hana shigo da nama daga wajen Tarayyar Turai, za a ƙwace a filin jirgi. Ka biya wurin Hajiya, akwai daddawata a ajiye.