Asalin kalmar "sihiri"

Ɗan'uwa, ka tambayi daga ina "sihiri" ya samo asali, da dalilin da ake cewa murya mai daɗi ta sihirce mutum.

Aro ne daga Larabci, "sihr". Malaman lugga sun ce abu ne da sababinsa ya ɓuya. Shi ya sa ma'anar ta rabu biyu: aikin bokaye, wanda aya ta 102 ta Suratul Baƙara ta ambata, da kuma abin da ke sace zuciya. Har hadisi ya zo cewa cikin iya magana akwai sihiri.

Kada dai ka haɗa shi da maita, ita daban ce. Hukuncinsa a shari'a kuwa, sai ka tuntuɓi malami.